Tsakanin Raɗaɗi da Jaraba: Abin da Bincike Ya Nuna Kan Dokar Magunguna Masu Ƙarfi

Magungunan da suka fi kowanne ƙarfi wajen kashe raɗaɗi su ne kuma suke cikin waɗanda suka fi saurin jefa mutum cikin jaraba, shi ya sa babu wani rukunin magani da doka ta kewaye da sharuɗɗa kamar su. Ana kiran su dangin ofiyom, domin asalinsu ƙaron wani tsiro ne mai wannan suna, wanda daga cikinsa ne wani Bajamushe mai harhaɗa magunguna, Friedrich Sertürner, ya tace mofin a farkon ƙarni na 19. Daga wannan tushe aka samu kodin, daga baya kuma aka ƙirƙiro wasu a ɗakunan gwaji, irin su fentanil da fentazosin da tiramadol, wanda aka fi sani da tiramol a kasuwa. Dukkansu suna kama wasu gurabe ne a ƙwaƙwalwa da laka, su toshe saƙon ciwo, amma idan aka wuce ƙima sai su rage numfashi har ya tsaya. Yadda za a tsare jama'a daga sharrin waɗannan magunguna ba tare da an hana mai ciwon daji ko wanda aka yi wa tiyata samun sauƙi ba, shi ne abin da masana dokar magunguna suka shafe shekaru suna nazari a jami'o'i, kuma abin da suka gano yana da darasi mai nauyi ga Nijeriya da maƙwabtanta.

Tushen dokokin kusan kowace ƙasa a wannan fanni shi ne yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan miyagun ƙwayoyi ta 1961, wadda aka yi wa gyara a 1972. Mutane da dama suna ɗaukar ta a matsayin takardar haramci kawai, alhali tun a gabatarwarta ta amince cewa ba a iya rabuwa da waɗannan magunguna wajen sauƙaƙa ciwo, kuma wajibi ne ƙasashe su tanade su don jinya. Ke nan nauyi biyu ta ɗora wa kowace gwamnati, na hana karkatar da magani zuwa shaye-shaye da na wadatar da shi a asibiti. Hukumar da ke sa ido kan aiwatar da ita, wato INCB mai mazauni a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, tana aiki ne da tsarin ƙiyasi: kowace ƙasa za ta bayyana yawan mofin da makamantansa da take buƙata a shekara mai zuwa, kuma ba za ta shigo da abin da ya haura wannan adadi ba sai ta nemi ƙari. Masu bincike sun lura da wani lahani a yadda ƙasashe matalauta suke cika wannan takarda, domin galibi suna duba abin da aka yi amfani da shi bara ne su maimaita, ba yawan marasa lafiyar da ke kwance ba, sai ƙarancin bara ya zama ma'aunin bana.

A ɓangaren likitanci kuwa, an daɗe da warware batun. Mofin yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya tun jerin farko na 1977, kuma a 1986 hukumar ta fitar da matakai uku na magance raɗaɗin ciwon daji, inda ake farawa da magunguna masu sauƙi irin su farasitamol, a hau zuwa matsakaita irin su kodin, sannan a kai ga mofin idan ciwon ya ƙi lafawa, ana ba da shi ta baki kuma a kan lokaci ƙayyadadde, ba sai majinyaci ya fara kururuwa ba. Masana sun kuma bambance abubuwa biyu da ake yawan cakuɗawa. Na farko shi ne sabon jiki, wato jikin wanda ya daɗe yana shan maganin ya saba da shi ta yadda idan aka yanke masa farat ɗaya zai yi zufa da gudawa da ciwon gaɓoɓi, abin da ke samun kusan kowa kuma ake kauce masa ta hanyar rage maganin sannu a hankali. Na biyu shi ne jaraba, wato mutum ya kasa mallakar kansa, ya ci gaba da neman ƙwayar duk da ya ga tana lalata masa rayuwa. Tsofaffin dokoki da yawa sun ɗauki na farko a matsayin na biyu, kuma wannan kuskure ne ya sa aka riƙa kallon majinyaci mai gaskiya da idon zargi.

Babu ƙasar da ta fi Indiya nuna abin da tsananin doka ke iya haifarwa. Indiya tana cikin ƙasashe ƙalilan da ke noman ofiyom bisa izini suna sayar wa duniya, amma a 1985 ta kafa wata doka mai tsauri wadda ta tanadi ɗaurin aƙalla shekara 10 ga masu laifin ƙwayoyi, jihohi kuma suka ɗora nasu ƙa'idoji, har ya zama asibitin da ke son ajiye mofin sai ya nemi lasisi da dama daga ofisoshi daban-daban, na mallaka daban, na jigila daban, na shigowa daga wata jiha daban. Sau da yawa kafin lasisi na ƙarshe ya fito, na farko ya ƙare. Masu kantin magani da shugabannin asibitoci suka ga babu abin da ya fi musu kwanciyar hankali kamar su daina ajiye maganin gaba ɗaya, kuma tsakanin 1985 da 1997 amfani da mofin a asibitocin ƙasar ya faɗi da kimanin kashi 97 cikin ɗari. Likitocin da suka yi karatu a wannan zamani da yawa sun gama makaranta ba su taɓa ganin ƙwayar mofin ba. Jihar Kerala ce ta sauƙaƙa ƙa'idojinta a ƙarshen shekarun 1990, bayan haɗin gwiwa tsakanin likita M. R. Rajagopal da wata cibiyar nazarin dokokin raɗaɗi ta Jami'ar Wiskonsin a Amurka, wadda David Joranson ya jagoranta. Domin amsa fargabar cewa maganin zai zube a kasuwa, sun bi sawun majinyata 1,723 da aka ba mofin su tafi da shi gida na tsawon shekara 2, kuma sakamakon da suka wallafa a mujallar Lancet a 2001 ya nuna ba a gano ko da karo ɗaya na karkatar da maganin ba. Duk da haka, sai a 2014 majalisar dokokin Indiya ta gyara dokar tarayya kan wannan batu, kusan shekara 30 bayan kafa ta.

Girman wannan giɓi a duniya ya fito fili a 2017, lokacin da wani kwamitin masana na mujallar Lancet, ƙarƙashin jagorancin Felicia Knaul, ya ƙiyasta cewa mutum fiye da miliyan 61 ne ke fama da matsananciyar wahalar rashin lafiya a shekara, mafi yawansu a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi. Daga cikin tan 298.5 na magungunan dangin ofiyom da ake rabawa a duniya a shekara, idan aka auna su da ƙarfin mofin, kimanin tan 0.1 kacal ke isa ƙasashe mafi talauci, kuma rabin al'ummar duniya mafi talauci suna samun ƙasa da kashi 1 cikin ɗari. Nijeriya tana cikin na can ƙasa a wannan lissafi, domin abin da take samu bai kai kashi 1 cikin ɗari na buƙatar masu jinyarta ba. Abin takaicin shi ne mofin magani ne mai arha, wanda babu kamfanin da ke da haƙƙin mallakarsa, kuma arhar tasa ma tana cikin dalilan da suka sa 'yan kasuwa ba sa ɗokin shigo da shi, tunda ribar kaɗan ce, takardun kuma tuli.

Sai dai masu kira ga a saki hannu ba za su iya kauce wa abin da ya faru a Amurka ba, inda kuskuren ya zo ta ɗaya gefen, kuma har da hannun masana a ciki. A 1980 wata babbar mujallar likitanci ta birnin Boston ta buga wata gajeruwar wasiƙa ta Jane Porter da Hershel Jick, wadda ta ce jaraba ba kasafai take samun majinyatan da aka ba irin waɗannan magunguna suna kwance a asibiti ba. Wasiƙar ba ta yi magana kan masu shan magani a gida na watanni ba, amma aka mayar da ita hujja, kuma wani nazari na 2017 ya gano an ambace ta sau 608 a rubuce-rubucen ilimi, galibi ba tare da an faɗi iyakarta ba. Kamfanin Purdue Pharma ya fito da OxyContin, wani maganin dangin ofiyom, a 1996 yana tallata shi a matsayin mai ƙarancin haɗari, ya kuma amsa laifi a gaban kotun tarayya a 2007 da kuma 2020. Tsakanin 1999 da 2019 kusan mutum rabin miliyan ne suka mutu a Amurka sakamakon shan dangin ofiyom fiye da ƙima, da na asibiti da na bayan fage. Ita kanta cibiyar Wiskonsin ta sha suka kan karɓar kuɗi daga kamfanonin da ke sayar da waɗannan magunguna, kuma a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye wasu ƙa'idojinta biyu kan wannan batu bayan da wasu 'yan majalisar Amurka suka yi zargin cewa kamfanin Purdue ya yi tasiri a kansu. Wannan bai rushe binciken Kerala ba, amma ya nuna cewa duk wanda aka kawo wa sakamakon bincike kan magani yana da haƙƙin ya tambayi wanda ya biya kuɗin aikin.

Ko gyaran da Amurka ta yi bai tsira daga wuce gona da iri ba. Ƙa'idojin da hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ta fitar a 2016 shawara ce ga likitoci, amma jihohi da kamfanonin inshora suka mayar da alƙaluman cikinta dokar da ba a tsallakewa, aka riƙa yanke wa masu daɗaɗɗen ciwo magani kwatsam, har hukumar kula da abinci da magunguna ta yi gargaɗi a 2019 cewa hakan na jawo tsananin wahala da yunƙurin kashe kai, sannan aka sake rubuta ƙa'idojin a 2022. A tsakiyar wannan ja-in-ja akwai mai harhaɗa magunguna, wanda dokar Amurka ta ɗora masa nauyi daidai da na likita wajen tabbatar da cewa takardar magani ta halal ce. Masanan dokar magunguna, irin su David Brushwood na Jami'ar Fulorida, sun daɗe suna nuna rashin daidaiton da ke cikin wannan matsayi: idan mai magani ya ba ɗan damfara, za a iya ƙwace lasisinsa, amma idan ya hana mai ciwo na gaskiya, da wuya wani ya tuhume shi, don haka tsoro ke tura shi ga hanawa ko da hankalinsa ya ce ya bayar.

Halin da Nijeriya ke ciki ya haɗa cutar Indiya ta da da wani abu mai kama da cutar Amurka, ko da yake asalinsu daban ne. Binciken shan ƙwayoyi na ƙasa na 2018, wanda Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwayoyi, ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da wata ƙwaya a shekarar da ta gabaci binciken, daga cikinsu miliyan 4.6 sun sha dangin ofiyom ba don jinya ba, galibi tiramol, yayin da miliyan 2.4 suka sha maganin tari don maye. A ƙarshen watan Afrilun 2018 BBC ta fitar da wani rahoton binciken ƙwaƙwaf kan cinikin maganin tari mai kodin, wanda aka ɗauki wani ɓangarensa a Kano, kuma ranar 1 ga Mayu ministan lafiya na lokacin, Isaac Adewole, ya sanar da haramta shigo da kodin don haɗa maganin tari. Matakin yana da hujja, tunda akwai magungunan tari marasa kodin, amma saurin da aka yi wajen ɗaukarsa ya tona cewa hukumomi sun san da matsalar tun da daɗewa, majalisar dattawa ma ta yi muhawara a kanta a 2017.

Tiramol ya fi kodin wuyar sha'ani. Kamfanin Grünenthal na Jamus ne ya ƙirƙiro shi a 1962 ya kuma fito da shi kasuwa a 1977, kuma har yanzu ba ya cikin jerin magungunan da yarjejeniyoyin duniya suka ƙayyade. Da kwamitin ƙwararru na Hukumar Lafiya ta Duniya ya sake duba shi a 2018, bai ba da shawarar a sa shi cikin jerin ba, saboda a ƙasashe da dama shi kaɗai ne maganin raɗaɗi mai ɗan ƙarfi da talaka ke iya samu. Abin da Nijeriya ta amince da shi shi ne mai miligiram 50 da 100, kuma likitoci ba sa wuce miligiram 400 a yini ga babba, amma abin da jami'an hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA da na kwastan suke kamawa a tashoshin ruwa sau da yawa mai miligiram 200 ne ko 225 ko 250, wanda ƙwaya biyu kawai sun kai ko sun haura iyakar yini guda, kuma yawansa na jawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Leburori da masu aikin gona da direbobi suna shan sa don jure wahalar aiki, daga Kano zuwa Damagaram zuwa Tamale. Bayan da Indiya, inda mafi yawansa ke fitowa, ta tsaurara dokarsa a 2018, masu fataucin sun karkata zuwa wasu ƙwayoyi masu tafentadol, wanda ya fi shi ƙarfi.

Muhimmin abin lura a nan shi ne wannan ambaliya ba daga ɗakin ajiyar asibiti ta fito ba. A Amurka takardar likita ce ta buɗe ƙofa, a Afirka ta Yamma kuwa kwantenar fasa-ƙwauri ce da kasuwar magani ta buɗaɗɗen fili. Mofin da ake amfani da shi a asibitocin Nijeriya ma'aikatar lafiya ta tarayya ce ke shigo da shi, kuma tsawon shekaru daga ma'ajiyar gwamnati da ke Oshodi a Legas ake karɓar sa, ta yadda asibitin da ke Sakkwato ko Maiduguri sai ya tura ma'aikaci da takardu ya yi doguwar tafiya. An ɗan samu ci gaba tun 2012, lokacin da ma'aikatar ta haɗa hannu da ƙungiyar yaƙi da ciwon daji ta Amurka wajen shigo da garin mofin a haɗa shi ya zama na ruwa a asibitocin koyarwa, kuma a 2017 aka fitar da manufar ƙasa kan magungunan da doka ta ƙayyade, wadda ta amince da ƙarancin a fili. Amma duk wata sabuwar fargaba kan tiramol tana ƙara sa likita da nas ja da baya daga mofin, sai ya zama an yi jifan gafiyar Ɓaidu, an bar mai fataucin an samu mai jinya.

Masu amosanin jini, wato sikila, su ne suka fi ɗanɗana kuɗar wannan ruɗani, kuma Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa yawansu, da jarirai kimanin 150,000 da ake haifa da cutar duk shekara. Idan ciwon ya tashi, raɗaɗinsa yana cikin mafi tsanani da aka sani, amma inda babu mofin sai a koma ga allurar fentazosin, wadda ake samu cikin sauƙi. Rahotannin likitoci daga asibitocin koyarwa na ƙasar sun bayyana yadda wasu majinyata suka koyi yi wa kansu allurar a gida, har ta kai su ga jaraba da gyambo da taurin tsoka. A nan rashin ingantaccen magani a asibiti ne ya haifar da shaye-shayen da ake cewa ana gudu.

Akwai kuma batun lafiyar maganin kansa, wanda tarihin Nijeriya ya rubuta da rayukan yara. A 1990 yara 109 suka mutu a Ibadan da Jos bayan sun sha farasitamol na ruwa da aka haɗa da wani sinadari mai guba da ke lalata ƙoda, abin da ke cikin dalilan kafa hukumar kula da abinci da magunguna ta NAFDAC a 1993. Tsakanin 2008 da 2009 wannan sinadari ya sake kashe yara 84 ta hanyar maganin haƙori mai suna My Pikin, kuma a 2022 ya kashe yara kusan 70 a Gambiya ta hanyar maganin tari da aka shigo da shi. Ko maganin da babu gurɓata a cikinsa yana iya kisa idan ba a san jikin mai sha ba, domin kodin ba ya aiki sai hanta ta mayar da shi mofin, kuma wasu mutane hantarsu na yin haka da saurin da ya wuce misali, lamarin da bincike ya nuna ya fi yawa a Habasha da Arewacin Afirka fiye da Turai. Saboda irin wannan haɗari ne Amurka ta hana ba yara 'yan ƙasa da shekara 12 kodin da tiramadol a 2017. A Nijeriya kuwa, mai kemis na unguwa, wanda lasisinsa ya ba shi damar sayar da magungunan da ba sa buƙatar takardar likita kaɗai, ba shi da horon da zai gane wannan. Shi ya sa dokar Hukumar Kula da Harhaɗa Magunguna ta 2022, wadda ta ƙarfafa ikon hukumar a kan kantuna da masu kemis, da kuma tashin dilolin magani na Sabon Gari a Kano zuwa cibiyar Dangwauro a 2024, suka fi haramta wani magani guda ɗaya muhimmanci, in har aka ɗore da sa ido.

Yuganda ta nuna cewa talauci ba hanzari ba ne. A 1993 likita Anne Merriman ta kafa cibiyar kula da masu ciwon ajali a Kamfala, ta kuma shigar da mofin na ruwa, wanda ake haɗawa daga gari a zuba a kwalba. Da yake likitoci ba su isa karkara ba, a 2004 ƙasar ta gyara dokarta ta ba nas-nas da jami'an asibiti da suka samu horo na musamman izinin rubuta mofin, gwamnati kuma ta ɗauki nauyin bayar da shi kyauta, ana rubuta abin da ya fita a rajista. Har yanzu Yuganda ba ta biya dukkan buƙatarta ba, amma ta ninka Nijeriya sau da yawa a lissafin kwamitin Lancet, kuma ba a ga mofin ɗinta ya zama kayan maye a tituna ba.

Abin da ya kamata 'yan majalisa da kwamishinonin lafiya su riƙa tambaya a duk shekara ke nan ya haura yawan katan ɗin tiramol da aka kama ko aka ƙona. Ya kamata su nemi sanin asibitoci nawa ne a jiharsu ke da mofin na ruwa a ajiye, ma'aikata nawa aka horar kan ba da shi, da kuma adadin da ƙasar ta rubuta wa hukumar Biyana cewa tana buƙata. Iyalin da ke jinyar mai ciwon daji ko sikila kuwa, haƙƙinsu ne su tambayi likita ko akwai mofin a asibitin, su karɓe shi da takarda daga hannun mai harhaɗa magunguna, su kulle shi inda yara da matasa ba za su kai ba, su kuma mayar da abin da ya rage idan buƙata ta ƙare.